Tambayoyi da amsoshi: yadda 'yan jefi-jefi ke juya akalar irin gem ɗin da kamfanoni ke haɗawa

Duk wanda ya daɗe yana buga gem ya taɓa jin wannan ƙorafin, in ma ba shi ya yi da bakinsa ba: wai me ya sa wata na'urar ake cika ta da gem ɗin rawa da motsa jiki da na yara, wata kuma daga harbi sai ƙwallo? Ga tambayoyin da suka fi yawo a kan maganar. Yawancin misalan daga Nintendo Wii za su fito, don gaskiya ba a taɓa yin na'urar da abin ya fito fili kamar ita ba.

Tukuna ma, su wa ake nufi da 'yan jefi-jefi?

Mutumin da gem bai dame shi can-can ba. Yana bugawa in ya samu sarari, ko in abokai sun zo, ko in yara sun matsa masa. Bai san sunan kamfanin da ya haɗa gem ɗin da ke hannunsa ba kuma bai damu ya sani ba, ba ya bibiyar abin da zai fito wata mai zuwa, ba ya zama kallon tirela. A ɗaya ɓangaren kuma akwai mayun gem, masu biyan kuɗi tun kafin gem ya fito, masu kwana gardama a kan wace na'ura ta fi fitar da hoto tangaran.

Amma fa kar ka ɗauka maganar awa nawa mutum ke yi yana bugawa ce. Wani kullum sai ya yi awa uku a kan FIFA, ya gwanance har ba mai iya ja da shi, amma duk shekara gem ɗaya yake saye, wato sabon FIFA ɗin. A lissafin kamfani wannan ɗan jefi-jefi ne. Abin da suke dubawa shi ne yadda kake sayayya: sau nawa, wane iri, kuma wa ya sa ka saya.

Ai ba wanda ya taɓa tambayarsu me suke so. Ta ina suke shafar abin da za a haɗa?

Ba a tambayarsu da baki, amma lissafin abin da suka saya yana kan teburin manaja. Ka ga harkar ƙafa uku gare ta: akwai mai ƙera na'urar kamar Sony ko Nintendo ko Microsoft, akwai masu zaman haɗa gem ɗin, sannan akwai kamfanin da ke zuba kuɗi ya yi talla ya kai kasuwa, irin su EA da Ubisoft da Activision. Masu haɗawa za su zo da tunaninsu mai kyau, amma mai kuɗin tambayoyinsa ba sa wuce biyu zuwa uku: na'urar nan guda nawa ce a gidajen mutane, gem mai kama da wannan da ya fito a kanta kwafi nawa ya sayar, kuma a wata nawa. In amsar ba ta yi masa daɗi ba shikenan an rufe maganar, komai kyan tunanin.

Kuma ba za ka ga laifinsu sosai ba in ka ji kuɗin. Takardun da suka fito a shari'ar Microsoft da hukumar FTC ta Amurka a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ya ci wajen dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma dala miliyan 212, ban da kuɗin talla. Aikin shekara huɗu zuwa shida ne da ɗaruruwan ma'aikata. Wanda zai zuba wannan ba zai yi caca ba, abin da ya ga mutanen na'urar sun saya jiya shi zai sa a yi musu gobe.

Me Wii ta yi ne da kullum ita ake kawowa misali?

Wii ta fito a Nuwamban 2006 a kan dala 250 a Amurka, a daidai lokacin da PlayStation 3 ke dala 499 da 599. Shugaban Nintendo na lokacin, Satoru Iwata, ya ƙi shiga tseren ƙarfin na'ura, shi mutanen da ba sa buga gem sam yake nema, kuma ya riga ya gwada a kan DS, ƙaramar na'urarsu ta hannu, da irin su Nintendogs da Brain Age ya ga abin ya karɓu.

Dabarar tana hannun bugawar. Ɗauki hannun PlayStation ka miƙa wa wanda bai taɓa riƙewa ba ka gani: sanduna biyu, maɓallai sama da goma, sai ya riƙa kallon hannunsa maimakon talabijin, a ce ya yi gaba sai kyamara ta kalli sama, minti biyu ya miƙo maka abinka ya ce shi ba zai iya ba. Na Wii kuwa kamar rimot ɗin talabijin yake. A Wii Sports in za ka jefa ƙwallon bolin, danne maɓalli ɗaya za ka yi, ka kai hannu baya, ka wurgo gaba ka saki. Bayanin ya ƙare. Kaka za ta iya, yaro ɗan shekara biyar zai iya, kuma da yake a Amurka da Turai a cikin kwali ɗaya ake sayar da shi da na'urar, duk gidan da Wii ta shiga ya zama wajen talla, baƙo ya zo ya buga ya tafi ya sayi tasa.

An sayar da Wii sama da miliyan 101. Wii Sports ya kusa miliyan 83, Mario Kart Wii ya wuce miliyan 37, Wii Fit mai zuwa da allon takawa ya wuce miliyan 22. Har gidajen kula da tsofaffi na'urar ta shiga.

To da sauran kamfanoni suka ga haka, me suka yi?

Fargar jaji suka yi. Da yawansu ba su zaci Wii za ta kai ko'ina ba, sun riga sun tura gwanayen ma'aikatansu da manyan kuɗinsu kan PS3 da Xbox 360. Da suka farka suka ga na'urar ba ta zama a kanti, sai kowa ya duba jerin abin da ke tafiya a kanta ya ga wasanni ne gajeru-gajeru na taron jama'a, sai aka yi ca a kan irinsu. Tarin ƙananan wasanni a faifai ɗaya, rawa, girki, motsa jiki, kacici-kacici, kiwon dabbobi. Wasu sun ci kasuwa ba kaɗan ba: Carnival Games na 2007 ya sayar da miliyoyi, EA Sports Active da Zumba Fitness haka. Just Dance na Ubisoft da ya fito 2009 shi ne abin mamakin, masu sharhi sun ba shi maki ƙasa-ƙasa, mutane ko a jikinsu, suka saye shi kamar me, har ya zama ana fitar da sabo duk shekara. Ka san har yaushe aka ci gaba da yi wa Wii? Har Just Dance 2020, wanda ya fito ƙarshen 2019, shekara 13 bayan fitowar na'urar, lokacin ita kanta Nintendo ta daɗe da barin ta.

Manyan gem ɗin zamanin kuwa tsallake ta suka yi. Babu GTA IV, babu Fallout 3, babu BioShock, babu manyan Assassin's Creed. In ma sunan ya zo to ƙaninsa ake kawowa. Masu PS3 da 360 suka samu Resident Evil 5, masu Wii aka ba su Umbrella Chronicles da Darkside Chronicles, irin wanda gem ɗin ne ke tafiya da kai, naka kawai ka nuna ka harba. FIFA da Madden na Wii ma sai da aka sauƙaƙa su aka sa musu tambarin All-Play.

Anya ba rashin ƙarfin na'urar ne ya jawo ba, kake ɗora wa mutane?

Yana ciki, ba musu. Wii ba ta fitar da hoton HD, 480p ne iyakarta, kuma cikinta bai yi wa GameCube, na'urar Nintendo da ta gabace ta, nisa ba. Gem ɗin da aka yi wa PS3 za a iya kai shi 360 da kwamfuta ba tare da wahala mai yawa ba, na Wii kuwa kusan sabon aiki ne daga tushe.

Sai dai ni ban yarda nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Switch ma, na'urar da Nintendo ta fitar daga baya, ai ba ta kai PS4 ƙarfi ba, amma an matse Doom da Skyrim an sa mata a 2017, an kawo The Witcher 3 a 2019, don an ga masu ita za su saya. In kamfani ya hango kuɗi zai nemo hanya. Call of Duty 4 ya fito 2007, sai 2009 ya iso Wii, wato dama ana iyawa, gaggawar ce babu.

An taɓa gwada gem ɗin manya a Wii kuwa? Ya aka ƙare?

An gwada, kuma nan ne maganar ta fi ɗaure kai. A 2009 Sega ta fitar da MadWorld na PlatinumGames, gem ne baƙi da fari wanda jini kaɗai ke fitowa ja, ta fitar da The Conduit da House of the Dead: Overkill. EA ta kawo Dead Space: Extraction. MadWorld da Extraction sun sha yabo wajen masu sharhi amma kasuwa ta yi musu gardama. Sai kamfanoni suka ce kun gani ko, dama mun faɗa, masu Wii ba sa son irin wannan.

A ganina gwajin bai yi adalci ba. MadWorld ko a wace na'ura ka kai shi ba gem ɗin kowa da kowa ba ne. Extraction kuma ba shi ne Dead Space ɗin da mutane ke so ba, ɗan rakiya ne. Ka ba mutum na biyu sannan ka ce bai saya ba don haka ba ya son na ɗaya? Lokacin da aka ba su cikakken abu sun saya: Resident Evil 4 na Wii, tsohon gem ne ma da aka sake fitarwa a 2007, ya yi wajen miliyan 2. Monster Hunter Tri da Capcom ta ɗauke daga PS3 ta kai Wii shi ma kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Abin da ya faru zagaye ne kawai. Kamfani ya ce mutanen nan 'yan jefi-jefi ne sai ya ƙi kawo babban gem, mayen gem da ya sayi Wii ya ga ba a kawowa sai ya haɗa da 360 ko PS3 ya riƙa sayen manyan a can ya bar Wii don Mario da Zelda, in an zo an ɗan gwada daga baya ba kowa a wajen, sai kamfani ya ce ai ga hujja. Har ita Nintendo ta faɗa ciki. Xenoblade Chronicles ya fito Japan 2010, Turai 2011, reshenta na Amurka ya yi ta jan ƙafa, sai da masoya suka tada wani gangami da suka kira Operation Rainfall, gem ɗin bai isa can ba sai 2012.

Gaskiya ne 'yan jefi-jefi ba sa sayen gem, na cikin kwalin kawai suke bugawa?

Alƙaluma ba su nuna haka ba. Nintendo ta ce an sayar da gem ɗin Wii sama da miliyan 920, in ka raba da yawan na'urorin kowace ta tashi da wajen tara. Ko ka cire waɗanda aka haɗa a kwali, ba ƙaramin ciniki ba ne.

Yadda suke sayen ne daban. Mayen gem a satin farko yake saye, shi ya sa babban gem ke yin mafi yawan cinikinsa a watan farko sannan ya sauko, a karya masa farashi. Ɗan jefi-jefi ba ruwansa da ranar fitowa. Ya ga abu a gidan wani, ko an ba shi labari, ko ya shiga kanti ya ga sunan da ya sani, sai ya ɗauka ko da gem ɗin ya shekara uku. Wannan ya yi wa Nintendo daɗi sosai don ita ce mai sunayen da kowa ya sani, Mario Kart ɗaya za ta yi ta riƙa sayar da shi har ƙarshen rayuwar na'urar kuma da ƙyar take rage kuɗinsa. Je ka duba goman farko a cinikin Wii, kusan duk nata ne. Sauran kamfanoni kuwa tsarinsu na satin farko ne, in gem bai motsa ba a wata ɗaya kanti ya sauke shi daga kan kanta ya sa wani. To mai sabon suna da ba wanda ya sani, yaushe labarinsa zai zaga kafin a sauke shi?

Me ya kawo tarkacen gem marasa kan gado da suka cika Wii da DS?

Mai sayen ne ba ya bincike, kuma sau da yawa ma ba shi zai buga ba. Uba ko uwa ko goggo ce ta shiga kanti neman abin da za ta ba yaro kyauta, ga kwalaye ɗari a gabanta, da me za ta zaɓa? Hoton bango, sunan katun ɗin da yaron ke kallo, da farashi. Kamfani ya gane in ya kashe kuɗi kaɗan a wata shida ya yi bango mai kyalli zai mayar da kuɗinsa, in ya kashe ninki goma ya yi mai inganci ba lallai wannan mai sayen ya ga bambanci a kanti ba. Sai inganci ya zama asara a lissafi.

Ba sabon abu ba ne. Irin wannan ambaliyar tana cikin abin da ya durƙusar da kasuwar gem ta Amurka a 1983 zamanin Atari, shi ya sa da Nintendo ta shigo da na'urarta NES ta kafa doka kowane kamfani gem biyar kawai zai fitar a shekara, ta kuma sa hatiminta a kwali. Zamanin Wii babu wannan takunkumin. Illar kuma a kan kowa take sauka, don wanda aka sayar wa shirme sau biyu ba zai ce kamfani kaza ne ya cuce shi ba tunda bai ma san sunansu ba, cewa zai yi gem ɗin ne ya ishe shi, ko ya koma sayen mai hoton Mario kaɗai.

Sony da Microsoft fa, kallo kawai suka tsaya yi?

Ina! A 2010 Sony ta fito da PlayStation Move, hannu mai karanta motsi irin na Wii, Microsoft ta fito da Kinect, kyamarar da ke karanta motsin jikinka ba sai ka riƙe komai ba. Kinect ya sayar da miliyan 8 a kwana 60 na farko har ya shiga kundin Guinness. Kuma a nan za ka ga yadda abin ke taɓa masu haɗa gem kai tsaye: Rare, kamfanin Ingila da ya yi GoldenEye 007 da Banjo-Kazooie, wanda Microsoft ta saya a 2002, sai ga shi an mayar da shi kan Kinect Sports, ya yi shekaru a haka kafin ya dawo da Sea of Thieves a 2018.

Microsoft ta ƙara zurmawa a 2013, ta ce dole Xbox One ya zo da Kinect a kan dala 499, ga PS4 a 399. Masu sayen na'ura a shekarar farko kuwa mayu ne, su kuma ba su nemi kyamara ba. Tsakiyar 2014 aka cire shi daga kwalin, 2017 aka daina ƙera shi.

Ina duk mutanen nan miliyan ɗari suka shige daga baya?

Waya. iPhone ta fito 2007, App Store 2008, Angry Birds ƙarshen 2009, Candy Crush Saga 2012, ga FarmVille a Facebook tun 2009. Wanda dama nishaɗin minti goma yake nema ya same shi a aljihunsa, kyauta ko kusan kyauta, me zai kai shi sayen sabuwar na'ura?

Wii U, na'urar da ta gaji Wii, ita ce ta ɗanɗana kuɗarta. Ta fito Nuwamban 2012, mutane da yawa ma sun ɗauka wani sabon hannu ne na tsohuwar Wii saboda sunan, ta ƙare a miliyan 13 da rabi. 'Yan jefi-jefi ba su biyo ta ba, mayu kuma dama an riga an kore su. A 2013 EA ta fito ta ce ba ta da wani gem da take haɗa mata, Ubisoft kuma ta ɗage Rayman Legends da aka ce na Wii U ne kaɗai don ta kai shi sauran na'urori. Kuɗin ma wayar suka bi: Activision ta sayi King mai Candy Crush a kan dala biliyan 5.9.

Kenan PlayStation da Xbox su ba su da wannan matsalar, duk mayu ne a can?

Wannan ita ce tatsuniyar da mayu ke so su riƙa faɗa wa kansu. Na'urar da ta sayar da miliyan ɗari ba yadda za a yi a ce duk mayu ne suka saye ta, ba su kai haka yawa ba. PS2 da ta wuce miliyan 150, wasu don kallon DVD ma suka saye ta, kuma a kanta aka yi gem ɗin taron jama'a irin su SingStar da EyeToy da Buzz tun kafin a san Wii.

'Yan jefi-jefin PlayStation da Xbox kawai ba sa rawa a gaban talabijin ne, shi ya sa ba a ganinsu. Su ne masu FIFA, wanda ya koma EA Sports FC daga 2023, da Call of Duty da NBA 2K da Fortnite da GTA. Gem ɗaya ko biyu, shekara da shekaru, tare da abokai onlayin. GTA V ya fito 2013 kuma ya wuce kwafi miliyan 200, kana ganin duk mayu ne?

Kuma ni a wajena tasirinsu ya fi na masu Wii nisa, don su manyan kuɗin suke juyawa. Da kamfanoni suka gane mutumin nan ba zai sayi gem goma ba, sai suka koma neman yadda za su tatse shi a cikin guda ɗayan da yake bugawa: Ultimate Team, inda ake sayen katunan 'yan wasa, da ya fara a FIFA 09, sayen kaya da rigunan 'yan wasa, tikitin da ake sake saye duk bayan 'yan watanni irin na Fortnite. Daga nan kowa ya so ya mallaki irin wannan gem ɗin da ba ya ƙarewa. Sony ta sayi Bungie, kamfanin da ya ƙware a irin wannan gem ɗin, a 2022 a kan dala biliyan 3.6, ta ce za ta fitar da irinsu sama da goma, har kamfanonin da suka yi suna a gem mai labari aka sa su gwadawa. Naughty Dog ta soke nata na The Last of Us a ƙarshen 2023. Helldivers 2 ya dace a 2024, Concord kuwa ya fito 23 ga Agustan shekarar aka kashe shi 6 ga Satumba aka mayar wa mutane kuɗinsu. Matsalar ita ce mutumin da ake farauta ɗin ya riga ya samu gem ɗinsa, abokansa suna can, kuɗin da ya kashe suna can, kuma shi ba mai yawon gwaje-gwaje ba ne. Kuskuren da aka yi a Wii ne aka maimaita da kuɗi mai yawa: an ga abu ɗaya ya ci, kowa ya kwaikwaya, aka manta kujerun kaɗan ne.

Su ne suka sa gem ɗin yanzu ya yi sauƙi, komai sai an nuna maka?

Da hannunsu a ciki. Kamfanoni suna ganin alƙaluman inda mutane ke ajiye gem, kuma da yawa ba sa kai ƙarshe, don haka aka cika koyarwa a farko, da kibiya mai nuna hanya, da fentin rawaya a duk inda za ka hau, da abokin tafiya mai faɗa maka amsar wasan ƙwaƙwalwa tun kafin ka gama kallon ɗakin. Wannan na ƙarshen kam yana ba ni haushi.

Amma akwai hanyar da ta fi, kuma Nintendo ta iya ta. A New Super Mario Bros. Wii in ka mutu sau takwas a mataki ɗaya sai wani koren akwati ya bayyana, in ka buge shi Luigi ya nuna maka yadda ake wucewa, in ba ka so ka ƙyale shi. A Mario Kart 8 Deluxe akwai abin da ke hana mota faɗawa rami, yaro ya kunna nasa kai ka kashe naka ku yi tsere tare. Ba a rage wa gwani komai ba. Sannan Elden Ring na 2022, da duk wahalarsa, ya wuce miliyan 25, don haka zancen wai gem mai wuya ba ya sayuwa kuma bai tsaya ba.

Switch ai ita ma ta iyali ce, me ya sa ba ta zama kamar Wii ba?

Don da mayu ta fara. Ta fito Maris 2017 da Zelda: Breath of the Wild a gaba, waɗanda suka fara saye masu sayen gem da yawa ne, cinikin farko ya nuna wa kamfanoni akwai kasuwa, sannan iyalai suka biyo baya da Mario Kart da Ring Fit Adventure da Animal Crossing: New Horizons wanda ya faɗo a Maris 2020 daidai lokacin kullen korona ya wuce miliyan 45. Wanda ya fara shiga na'ura shi ke sa mata suna a idon masu kuɗi, kuma sunan yana da wuyar gogewa.

Ga wani abin lura. Mario Kart 8 a Wii U bai kai miliyan 9 ba. Kusan shi ɗin dai aka ɗan ƙara wa kaya aka kai Switch, ya wuce miliyan 60.

Jama'ar Switch su ma sun juya akalar wasu. Stardew Valley, gem ɗin noma da mutum ɗaya, Eric Barone, ya haɗa, ya samu gida a can, kuma bayan shi da Animal Crossing sai ga ambaliyar gem ɗin noma da ado da gida da kamun kifi, masu kyau da na bogi. Tarkacen ma ba su mutu ba, daga kantar kanti suka koma eShop, shagon Nintendo na onlayin.

Ni ƙaramin mai haɗa gem ne. Wa ya kamata in yi wa, mayu ko 'yan jefi-jefi?

In ba ka da kuɗin talla kuma ba wanda ya san sunanka, 'yan jefi-jefi sun fi wuyar kamawa duk da sun fi yawa, don ba sa neman sabon abu, sai ya zo ya same su. Mayu ne ke tono, su ke kallon tirelar ƙaramin gem, su ke rubuta sharhi, su ke ɗora bidiyo a YouTube da Twitch, kuma ta bakinsu labari ke isa wajen sauran. Among Us ya fito 2018 ya yi shekara biyu shiru, sai a 2020 masu bugawa kai tsaye a Twitch suka ɗauke shi sannan duniya ta sani.

Kafin ka zaɓi na'ura ka duba abin da ke sayuwa a kanta ban da na mai na'urar, don cinikin Mario ba ya gaya maka komai game da naka. Ka duba yadda ake riƙe ta: mai Switch zai iya bugawa minti goma sha biyar ya kashe, to gem ɗinka yana ajiye inda aka tsaya a kowane lokaci? Rubutun yana karantuwa a ƙaramin allo? Mutum biyu za su iya bugawa a kujera ɗaya da hannu ɗai-ɗai? Sannan ka miƙa wa wanda ba ya buga gem ka koma gefe ka yi shiru, kar ka taimaka masa ko da ya juyo yana kallonka, ka rubuta daidai inda ya maƙale. Ka kuma sa a lissafinka cewa manyan shagunan onlayin ɗin nan galibi kashi 30 cikin ɗari suke cirewa a duk kwafin da ka sayar.